Loretto ko CHIJMES, wanne ya fi cancanta a je gani?

Duka biyun ƙananan coci ne na sistocin Katolika, kuma duka an daina ibada a cikinsu, yanzu sai bikin aure da 'yan yawon buɗe ido.

Loretto tana Santa Fe a Amurka, an gama ta 1878, ita kam matakalar nan ce ta ɗaga ta, katako zalla mai hawa 33 da ta murɗe sau biyu ba ginshiƙi a tsakiya, sistocin suka ce wani kafinta ne ya zo ya yi ya tafi ko kuɗinsa bai karɓa ba, wasu har cewa suke Waliyyi Yusufu, mijin Maryamu uwar Yesu, ne da kansa. Amma fa kana gama kallonta shikenan.

CHIJMES ta Singapore kuwa sistoci 'yan Faransa ne suka kafa gidan a 1854, da makaranta da gidan marayu, akwai wata 'yar ƙofa da ake ajiye jarirai a bakinta, yawanci mata, su kuma su ɗauka su raina. Sistocin sun tashi daga wurin a 1983, yanzu duk gidajen abinci ne da mashaya a harabar, abin ba daɗin gani gaskiya. Duk da haka ni can zan je.