Digirin MBA ko Sabon Aikin Zuba Jari: Yi Lissafi Kafin Ka Ajiye Kujerarka

Wata shida ke nan da ka fara aiki a kamfanin da ke sayen wasu kamfanoni ya gyara su ya sayar da riba, irin su Blackstone, KKR ko Carlyle, sai ga takardar samun gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, daga manyan makarantun Amurka irin su Harvard, Stanford ko Wharton. 'Yan uwa za su ce ka tafi, ilimi ba ya ɓata. Gaskiyarsu ne, amma wannan ciniki ne, kuma mai ciniki farashi yake fara tambaya.

A manyan makarantun Amurka karatun shekara 2 ne. Kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, idan aka haɗa da haya da abinci da inshorar lafiya, jimillar ta wuce dala 200,000. Wannan ma ƙaramin ɓangare ne. Babbar asarar ita ce albashi da garaɓasar shekara 2 da za ka bari, waɗanda a manyan kamfanonin nan sukan zarce kuɗin karatun. Idan kuma bashi za ka ci, bashin ɗalibai na da ruwa, abin da Musulmi ba zai kau da kai daga gare shi ba.

To me ake saya da wannan kuɗi? Suna, abokan hulɗa, da ƙofar shiga aiki. Nan ne nake son ka tsaya. Ɗalibai da yawa suna biyan wannan dukiya ne don su samu irin kujerar da kake kai yanzu, kuma kamfanonin sun fi ɗaukar wanda ya taɓa aikin sosai kafin ya je makaranta. Wanda ya bar aiki bayan wata shida bai kai ga kammala ciniki ko ɗaya ba, me zai nuna idan ya dawo neman aiki?

Akwai kuma kason riba. A al'adar sana'ar, masu tafiyar da asusun da ake tara kuɗin masu zuba jari a ciki don sayen kamfanoni sukan ɗauki kashi 20 cikin 100 na ribar, asusun kuma yakan yi kusan shekara 10. Sai wanda ya daɗe ya hau matsayi yake samun rabo mai kauri a ciki.

Saboda haka kafin komai ka tambayi maigidanka kai tsaye: a nan ana ƙara wa mutum girma ba tare da MBA ba? Wasu kamfanonin shekara 2 suke ɗaukar ƙananan ma'aikata, daga nan su sallame su zuwa makaranta. Idan naku haka yake, karatun na nan tafe, lokacinsa ne bai yi ba. Sakamakon GMAT, jarrabawar neman shiga karatun MBA, shekara 5 yake aiki, ka ga kana da sarari. Sai dai kada ka dogara da cewa za a ajiye maka gurbin, manyan makarantu ba su cika yarda da ɗagewa ba, ƙila sai ka sake nema.

Wanda ya gane sana'ar ba ta karɓe shi ba, yana son kafa nasa kamfani ko sauya ƙasa, shi kam tafiya ta fi masa. Ya duba makarantar kasuwanci ta INSEAD a Faransa, inda ake gamawa cikin wata 10, asarar albashin ta ragu da fiye da rabi.