Bayan tiyatar ƙugu: mofin ko allurar ESP?

Wanda aka yi wa tiyatar ƙashin baya ta wajen ƙugu, daren farko ne ya fi ba shi wuya. Abin da aka saba bayarwa shi ne mofin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, da danginsa ta jijiyar jini. Cikin mintuna yake kama jiki, ana iya ƙarawa duk sa'ad da raɗaɗi ya taso. Sai dai yakan zo da tashin zuciya, gyangyaɗi, ƙaiƙayi da taurin bahaya. In ya yi yawa har numfashi yake ragewa, musamman ga tsofaffi.

Allurar ESP kuwa, wato allurar kashe zafi da ake yi a gefen ƙashin baya, sabuwa ce, a 2016 aka fara bayyana ta. Likitan sa barci yana kallon na'urar sikanin, ya kai allura ƙarƙashin doguwar tsokar da ke gefen ƙashin baya, ya zuba maganin kashe zafi irin bupivacaine, hagu da dama. Maganin ya bazu ya toshe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga wurin yankan. Majiyyaci kan farka da sauƙi, mofin da zai buƙata ya ragu. Yawanci ƙafafu na motsi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don motsinsu likitan tiyata ke fara dubawa.

Aibinta, ba ta cika wuce kwana guda ba, tana son ƙwararren hannu, kuma in maganin ya shiga jini da yawa yakan taɓa zuciya. A ganina, inda akwai na'ura da gwani, a yi ESP, a bi da farasitamol, a ajiye mofin kusa don dare na biyu.