Na aika yawun Baffa Amurka neman asalinmu

Bara waccan muka je Zariya nema wa ƙanena aure. Bayan an gaisa, wani dattijo daga dangin yarinyar ya yi tambayar da kowa ya san sai an yi ta: "Ku mutanen ina ne?" Muka ce Jos. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Jos kam mun ji. Kafin Jos fa?" Baffa ya yi gyaran murya ya ce wajen Sakkwato. Wane gari a ƙasar Sakkwato? Nan fa ake yin ta. An ba mu auren, don mutanen kirki ne, amma har muka wuce Saminaka a hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan a motar.

Iyakar abin da muka sani bai cika tafin hannu ba. Kakanmu na wajen uba, wanda kowa ke ce wa Tanko, diban gwamna ne ya kawo shi Filato. A Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar rijiyarta ta kuza, sai ta juyo kan tamu, aka sa sarakuna da hakimai su kawo leburori na tilas daga lardunan Arewa. Haka aka yi ta yi har 1944. Wasu sanyin Filato da ƙarancin abinci suka kashe su, wasu suka gudu, wasu suka koma gida da wa'adinsu ya cika. Namu ya yi zamansa. Ya yi aiki a wani bariki kusa da Barikin Ladi, daga baya ya dawo Gangare, ya rasu ban zo duniya ba. 'Yar akwatin ƙarfen da aka ce takardunsa na ciki kuwa ta ƙone tare da ɗakin a rikicin Satumbar 2001.

Wannan ya sa na sayi kayan gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, na wani kamfanin Amurka, irin waɗanda ake tallarsu a intanet cewa za su gaya maka tushenka. Kuɗinsa kusan dala 100. Ba su aiko da shi Najeriya kai tsaye ba, sai da wani ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke karatu can ya saya ya riƙo mini da ya zo hutu. Kwalin bai fi na sabulun wanka girma sosai ba. A ciki akwai 'yar kwalbar roba, da murfi mai ruwan magani, da ambulan na mayarwa, da lambar da za ka yi rajista da ita a shafinsu. Ta fuskar sauƙi ba ni da ƙorafi, ko ɗan sakandare zai iya.

Ban gwada kaina ba, Baffa na sa, kuma wannan shawara ce da nake ba kowa. Mutum yana gadon rabin ƙwayoyin halittarsa daga uba, rabi daga uwa. Abin da ya iso gare ni daga kaka bai wuce kusan ɗaya bisa huɗu ba, alhali Baffa rabi yake ɗauke da shi. Duk hawa ɗaya da aka sauko, rabon kakan nan yana rabewa biyu. Saboda haka a fara da wanda ya fi kowa shekaru a gidan.

Shawo kan Baffa shi ne aikin. Ya juya kwalbar a hannu ya dube ni ta saman tabarau.

"Yanzu kai yawuna za ka ɗura a nan a kai wa Turawa?"

"Baffa, bincike ne kawai."

"Haka masu asiri ma ke cewa."

Da ƙyar ya yarda. Sannan ga sharaɗin cewa minti 30 kafin a tofa ba ci, ba sha, ba tauna komai, shi kuwa Baffa in ka raba shi da goro ka raba shi da hira. Ana so yawun ya kai wani layi a jikin kwalbar, kumfa ba ta cikin lissafi, bakin tsoho kuma a bushe yake. Muka yi kusan rabin awa yana tofawa yana yi mini faɗa. Bayan wata biyu saƙo ya zo cewa samfurin bai yi ba, a sake. Sun ba da wata kwalbar kyauta, na yaba musu nan, amma adireshin Amurka suka aika wa, sai da muka jira wani mai tahowa. Daga saye zuwa sakamako, wata bakwai.

Ranar da ya fito na buɗe wayar hannuna na rawa. Taswira ce aka shafa wa launi. Kaso mafi yawa: Najeriya. Sai ɗan abu kaɗan daga Mali, da ɗigo daga Arewacin Afirka. Na karanta wa Baffa. Ya ce, "Dala ɗari ka biya aka gaya maka ni ɗan Najeriya ne? Da ka ba ni rabi na nuna maka katin zaɓena."

Ya fi ni gaskiya. Yadda abin ke aiki shi ne suna kwatanta ƙwayoyin halittarka da na mutanen da suka riga suka tara a rumbunsu, waɗanda aka san inda kakanninsu suka fito. Rumbun nan cike yake da Turawa, mu kuwa ba mu da yawa a ciki. Shi ya sa Bature zai iya ganin yankin da kakansa ya fito a Ailan, kai kuma a shafa maka launi daga teku har bakin hamada. Ƙari a kan haka, hasashe ne, in sun sabunta rumbun kason naka yana iya canzawa. Kuma ita kanta "Najeriya" ɗin a 1914 aka haɗe ta. Mahaifin kakana bai san ta ba lokacin da aka haife shi. Dattijon Zariya gari ya tambaye mu, da gida, da wanda ya haifi wane. Kwalbar nan ba wannan tambayar aka ƙera ta ta amsa ba.

Wani sashe dai ya taɓa ni, wanda ban sayi kayan dominsa ba. Akwai jerin mutanen da suka yi gwajin a kamfanin, da aka ga jini ya haɗa su da Baffa. Kusan dukkansu baƙaƙen fatar Amurka ne, dangantakar kuma ta nesa ce, hawa biyar ko shida. Wata mata a cikinsu ta rubuto mini, cikin ladabi, tana roƙon in faɗa mata sunan ƙauyenmu, don ta san inda aka kamo kakanninta. Na daɗe ina kallon saƙon. Tarihi ya tabbatar an kai Hausawa bayi har Bahiya ta Birazil, suna cikin Musulmin da suka yi bore a can a 1835, amma karanta wannan daban, mutum ya kira ka ɗan'uwa daban. Na amsa mata da gaskiya: abin da kike nema ni ma shi nake nema.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Na farko, allura tana iya tono garma. Gwajin bai san sirri ba, bai san riƙo ba, bai san kunya ba. Yana iya nuna maka ɗan'uwan da ba a taɓa faɗa maka ba, ko ya hana ka wanda ka tashi da shi. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, taswirar kamfani ba ta rushe wannan, amma tana iya rushe zumunci. Na biyu, bayanan jinin gidanku ne kake miƙa wa 'yan kasuwa. A 2023 an yi wa wani kamfanin irin wannan gwajin mai suna 23andMe kutse, ba shi na yi amfani da shi ba, aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 7, a 2025 kuma kamfanin ya je kotu ya ce ya karye. Ni dai da na sauke sakamakon na nemi a lalata samfurin Baffa. Akwai wurin neman hakan a shafin, sai dai sai ka tona kafin ka gan shi.

Inda aka samu haske, ko sisi ban kashe ba, in ban da kuɗin Keke zuwa Unguwar Rogo da ƙullin goro. Gwaggo, yayar su Baffa, ta haura 75. Na sha tambayarta garinsu kakanmu, amsarta ɗaya ce: "Allah ya jiƙan na ƙasa." Tsofaffinmu ba su son tambaya ta tsaye a kan asali, kuma da dalili. Bauta ba ta haramta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936, gidaje da yawa suna da abin da suka zaɓi su binne. Ga alkunya kuma, kakarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, "Malam" ne kawai.

Ran nan na canza salo. Na ajiye wayar a kan tabarma tana naɗar murya, da izininta, ita kuma tana tsinke zogale a tire. Ban ambaci gari ba. Na ce, "Gwaggo, wai da wa Malam yake wasa?" Ta kwashe da dariya har ta ajiye tiren. Ta ce akwai wani Bayarabe tela a layinsu, kullum suka haɗu sai sun kira juna bawa, wani lokaci har da ƙwace hula. Duk Bahaushe ya san su wa ke wasa da Yarabawa: Gobirawa. Na ce yana da zane? Ta ja yatsu daga gefen bakinta zuwa kunne, kumatu biyu. Maganarsa fa? Ta kwaikwaye shi: "Mi kaka so? Shina nan tahe." Na ce an taɓa zuwa daga gida? Sau ɗaya, in ji ta, wani ƙanensa, shekarar da Sarauniya ta zo Jos, tana yarinya tana tallar gyaɗa. Wato 1956 ke nan. Haka ake samun shekara a bakin tsoho, kada ka tambaye shi lamba, tambaye shi abin da ya faru: zuwan Sarauniya, yaƙin basasa, canjin hannu na 1972, canjin kuɗi na 1973. Baƙon, in ji ta, ya yi ta labarin gulbin Bunsuru da cin kasuwar Shinkafi. Cikin awa ɗaya "wajen Sakkwato" ya tsuke ya koma yankin Isa da Sabon Birni.

Sai na ce saura sunan mahaifinsa, tunda Tanko ma laƙabi ne na namijin da aka haifa bayan mata, ba sunan yanka ba. Ta dube ni kamar ta ga sakarai.

"Kai ɗan nan, ba ka taɓa tambayar me ya sa ake ce wa ubanka Baba tun yana goye ba?"

Ashe kakanmu sunan mahaifinsa ya sa wa ɗansa namiji na fari, shi ya sa bai taɓa kiran sa da shi ba. Sunan da na aika yawu Amurka ina nema, shekara da shekaru ina rubuta shi a bayan nawa a kowace takarda. Duk gidan da ke da Abba, ko Baba, ko Ummi, ko Inna tun yarinta, to akwai sunan wani kaka a ɓoye a nan.

Da wannan na yi kwana biyu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Rahotannin Di'o-Di'o na zamanin En'e suna da sunayen hakimai da dagatai da lissafin haraji, lebura kuwa adadi ne a wurinsu ba suna ba. Amma in ka san gunduma, za ka fito da sunayen ƙauyukanta na wancan zamani, abin da na yi ke nan. Wanda zai je ya tuna Turawa yadda suka ji suke rubutawa, Garba ya zama Garuba, kuma kada ya tsaya a iyaka. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun warwatsu, daga baya wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wadda yau take Nijar.

To kayan gwajin, nawa zan ba shi? Biyu cikin biyar. Ɗaya don sauƙin amfani da sake kwalbar kyauta, ɗaya don matar nan ta Amurka da har yanzu muke gaisawa. Wanda ke son ya san ko yana da dangi a ƙetare, kuma zuciyarsa za ta ɗauki duk abin da ya fito, ya saya. Wanda ke neman sunan gari, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Zuwa Isa yanzu ba ya yiwuwa, kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa yankin. Sai na samu wani mai kawo albasa kasuwar Farin Gada, mutumin can ne, na ba shi sunayen biyu da na ƙauyuka huɗu, na tura masa muryar Gwaggo ta WhatsApp ya kunna wa tsofaffinsu. Ya ce in saurare shi in ya dawo da lodi na gaba. Baffa kuwa duk haɗuwarmu tambayarsa ɗaya ce, yana ɓare goro: yaushe Turawa za su dawo masa da yawunsa.