Kwana nawa za a ba wuraren wasan yara in an kai iyali Dubai?

Da hutun lekol ya matso, sai ka ji alhazanmu na Garwa da Marwa da Kuseri da suka saba zuwa Dubai saro kaya sun fara shawarar tafiya da iyali. Tambayarsu kusan ɗaya ce: mako guda ne a hannu, kwana nawa za a ware wa wuraren lilo da majaujawa? Ni amsata ita ce kwana biyu, da yini guda na hutawa a tsakaninsu, kuma duka biyun a wurin da ke da rufi da sanyi.

A fara da hanya, domin ita ce masu tallan tikiti ba sa sa wa a lissafi. Mutumin Kuseri ya fi kowa sauƙi, gadar Ngeli kawai zai haye ya kama jirgi a Njamena. Na Marwa kuwa ko dai ya sha hanyar Mora da Waza zuwa Kuseri, ko ya gangara Yawunde ko Duwala tukuna. Daga nan a yada zango, galibi a Adis Ababa, a yi zaman jira da yara a kan kujerun filin jirgi. Ga bambancin agogo: Dubai ta riga mu da awa 3, wato ƙarfe goman safe da ake buɗe ƙofa, a jikin yaronka ƙarfe bakwai ne. Saboda haka ranar sauka da washegarinta ba na wasa ba ne. Ranar komawa ta haɗa kaya ce da awo. In ka cire waɗannan daga mako guda, kwana huɗu ya rage, kuma Hajiya ma tana da nata rabon a kasuwar zinariya ta Deira, kai ma akwai kayan da za ka duba a Naif.

Kwana ɗaya tak ya isa in yaran duk ba su kai shekara biyar ba, ko kuma aljihu bai da nauyi. Babu abin kunya a ciki. Amma in akwai manya da ƙanana a haɗe, yini guda faɗa yake haifarwa, wannan yana ja gabas, wancan yana ja yamma, uwa tana tsakiya da goyo. Kwana uku a jere wahala ce da ka saya da kuɗinka. Huɗu ko biyar kuwa, wannan tsarin mai sayar da tikiti ne, ba na mai 'ya'ya ba.

Kwana biyun nan, ni a tsibirin Yas na Abu Dhabi nake so a yi su, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga tsakiyar Dubai a mota. Ranar farko Warner Bros. World, wanda aka buɗe a 2018. Gaba ɗayansa a rufe yake, an yi wa silin ɗinsa fenti da fitilu kamar sararin sama, har yaro yakan ɗaga kai ya tambaya ko magariba ta yi alhali ko azahar ba a kira ba. An raba shi unguwa shida, kuma abin da ya sa nake fifita shi ke nan: ɓangaren 'yan katun da yaranmu suka saba gani a talabijin yana da lilo masu taushi da ɗan shekara huɗu zai hau ba kuka, ɓangaren Gotham da Metropolis, garuruwan su Batman da Superman, kuma yana da masu juya ciki don samari da 'yan mata. Tsakanin ɓangarorin tafiyar 'yan mintuna ce, ba rana, ba ƙura. Uba ya ɗauki manya, uwa ta riƙe ƙanana, a haɗu a dandalin tsakiya lokacin azahar. Akwai ɗakin salla na maza da na mata, akwai wurin alwala, abinci kuma ba sai ka tsaya bincike a kansa ba. Kaka ma in an zo da ita tana da wurin zama a sanyi tana kallon jikoki. Iyali za su zagaye shi cikin yini guda ba gudu ba haki, su fita kafin yara su fara rigima. Wurin da za a gama shi a yini ɗaya kowa ya samu nasa, shi ne ya cancanci kuɗinsa.

Washegari kada a je ko'ina mai layi. A bar yara su yi barci har hantsi, a wanke kaya, da yamma a je Masallacin Sheikh Zayed na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2007 kuma shigarsa kyauta ce. Mutane suna ganin wannan yinin asara ne tunda kuɗin otel yana tafiya. Ku lura da yaron da aka kai wasa kwana biyu a jere: kafin la'asar ta rana ta biyu yana saɓe a kafaɗar ubansa yana barci, tikitin da aka biya masa yana ƙonewa a banza. Ƙafar da ta yini tana taka daɓen siminti sai ta kwana ta huta.

Rana ta biyun wasa, SeaWorld, wanda aka buɗe a watan Mayun 2023, shi ma a rufe. Yaranmu sun san dorina a kogin Binuwai, wasunsu sun ga raƙumin dawa a Waza, amma teku da abin da ke cikinsa sai a hoto. A nan za su tsaya gaban gilashi ƙato kifaye suna wucewa ta saman kansu, su shiga ɓangaren ƙanƙara su ga tsuntsayen nan masu tafiya a tsaye kamar mutane. A tafi da rigar sanyi don wannan ɓangaren. In kuma yaranka duk sun tasa, sai a musanya shi da Ferrari World, na 2010, inda jirgin wasan Formula Rossa ke kai gudun kilomita 240 a awa, har sai an sa wa mahaya tabarau. Ga mai ƙananan yara kuwa, Ferrari World kallon wasu kawai zai biya kuɗi ya yi.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Legoland na Jebel Ali an yi shi ne don 'yan shekara 2 zuwa 12, kuma yawancinsa a fili yake, sai da sanyi. Motiongate da ke gefensa ma wani ɓangarensa a fili yake. IMG Worlds of Adventure a rufe yake kuma a cikin Dubai, shi ne madadin wanda ba ya son zuwa Abu Dhabi, amma ni ƙararsa da duhunsa ba su yi mini ba. Wuraren wasan ruwa sai in an dace da ranar da aka ware wa mata. Disneyland na Faris, wanda ke nan tun 1992, bizar Turai ta Shengen da kuɗin yuro, kowane ɗaya sefa 655 da ɗoriya, sun isa su sa a bar maganarsa.

Global Village na Dubai kam daban ne, kada a ƙirga shi cikin kwanakin nan. Da la'asar ake buɗe shi, shigarsa 'yan dirhami kaɗan ce, rabinsa kasuwa ne rabinsa wasa, ya dace da yammacin ranar hutu. Sai dai daga wajen Oktoba zuwa Afrilu ko farkon Mayu yake aiki. Babban hutun lekol namu kuwa daga Yuni ne zuwa farkon Satumba, lokacin da yake kulle. Kuma kada wani ya ce ai mun saba da zafin Afrilu a Marwa. Namu busasshe ne, ka shiga inuwar dalbejiya ka samu sauƙi. Nasu a Yuli da Agusta ya haura digiri 40 ga laimar teku, gumi ba ya bushewa, inuwa ba ta magani. Mai iya jira ya jira hutun Disamba, sai dai ya shirya wa cunkoso. A kuma guji Asabar da Lahadi, domin tun 2022 su ne ranakun hutun mako a can.

Kafin a sayi komai, a jingina kowane yaro da bango a auna tsayinsa. A ƙofar kowane lilo akwai sandar awo, kuma ma'aikacin da ke riƙe da ita ba ya jin roƙo, ba ruwansa da shekarun da ke cikin fasfo. Wannan awon ne zai gaya maka wurin da ya dace da gidanka. Tikitin yini guda na manyan wuraren nan ya haura dirhami 300 ga mutum ɗaya, kusan sefa dubu hamsin ke nan, iyali mai mutum shida sun tashi a kusan dubu ɗari uku kafin a sha ko ruwa. Tikitin haɗaka na wuri biyu ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai, shi za a nema. Na wuri huɗu yana da daɗin lissafi a takarda, amma araha ce ta abin da ba za ka iya cinyewa ba.

A nan ne macuta suke jira. Tsadar tikiti ita ce ta buɗe musu kasuwa, kuma mutanenmu sun fi yarda da wanda ya yi musu Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi a bakin otel a kan shafin kamfani. Mu ma wani mai shirya tafiye-tafiye, wanda aka haɗa mu da shi ta hannun mutanen kirki, ya sayar mana da tikiti a kusan rabin kuɗi, ya ce rangwamen kamfaninsu ne. Mun isa ƙofa, yara sun sha sababbin kaya, ma'aikaciyar ta ɗora na'ura a kan wayata, ta dube ni ta ce in kawo katin shaidar zama a ƙasar. Ashe tikitin mazauna Daular Larabawa ne, wanda ba ya aiki sai da katin Emirates ID. Mutane na bayanmu suna jira, ƙaramar tana jan rigata tana cewa, "Baba, mu ba za mu shiga ba?" Hajiya ta ce, "Alhaji, kira shi mana." Waya a kashe. A tagar sayarwa muka biya cikakken kuɗi, na farkon kuma har yau.

Wannan salo ɗaya ne cikin da yawa. Akwai mai turo maka hoton lambar tikiti ta WhatsApp, lambar da ya tura wa mutum biyar, wanda ya riga isa ƙofa shi ya ci. Akwai tikiti na gaskiya amma mai kwanan wata, ranarsa ta wuce ko ba ta zo daidai da zamanka ba. Akwai wanda zai ce maka har da izinin tsallake layi a ciki, alhali wannan kuɗinsa daban ne, kuma in an saya a rubuce yake a jikin tikitin. Akwai shafukan intanet na bogi da suka kwaikwayi na ainihi har tambari, harafi ɗaya kawai suka canza a adireshin. Akwai masu tare ka a manyan kantuna da tikitin kyauta, sharaɗinsa ka zauna awa biyu ko uku ana lallashinka ka sa hannu a wata yarjejeniyar hutu ta shekaru. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na gida, mai haɗa maka biza da jirgi da otel da "wuraren wasa biyar" a dunƙule, ya ce ka tura kuɗi ta waya zuwa lambar wani ƙaninsa, ba rasit, ba sunan wuraren. In an isa can sai biyar ɗin su zama wuri ɗaya na gaske da ɗakunan wasan kwamfuta na cikin kanti.

Maganinsu ba wuya. Kada ka biya kuɗin wurin wasa sai biza ta fito, domin sharuɗɗanta ga 'yan ƙasashenmu suna yawan sauyawa, tikitin wasa kuma ba kasafai ake mayar da kuɗinsa ba. Ka saya a shafin wurin da kansa da katin bankinka, ka tabbatar banki ya buɗe maka katin don biya a waje tun kana gida, ko kuma ka saya a taga ranar shiga ko da ya ɗan fi tsada. Tikitin ya shigo imel ɗinka kai tsaye, ka karanta ko an rubuta na mazauna ne, ka duba kwana nawa aka ba ka ka shiga wuri na biyu bayan na farko, don ranar hutun nan ta samu gurbi. In dole sai ta hannun dillali, to ya raka ku har ƙofa, a biya shi bayan kowa ya wuce ciki. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan sharaɗi.

Wasu otel-otel na Yas suna haɗa kuɗin ɗaki da shiga wuraren wasan, kuma ga mai kwana biyu wannan yakan fi zirga-zirga daga Deira sauƙi. Amma ka rubuta wa otel ɗin da kanka, su amsa maka a rubuce mutum nawa tayin ya ɗauka a ɗaki guda. Gidajenmu ba na 'ya'ya biyu ba ne, kuma yaron da ba a rubuta sunansa a ɗaki ba, cikakken tikiti za ka saya masa a ƙofa.