Kunzugun wanki na wani shago a Babbar Kasuwar Garwa

Uwar da ke fama da ƙurajen zafi a cinyar jaririnta, ta gwada wannan kunzugu. Farin yadi ne na auduga, mai kauri, ana sayar da shi dozin-dozin a wani ɗan shagon kayan jarirai da ke layin masu atamfa, tare da wandon roba da fil mai kulle.

Ni zafin Afrilu ne ya kai ni. Garwa ta Kamaru in ta haura digiri 40, famfas ɗin nan marar suna da ake sayarwa ɗai-ɗai a tebur sai ya dafa yaro, cinyoyin Auta har sun fara saɓulewa. Da na koma wa auduga da rana, ina shafa masa man kaɗanya, kafin sati ya zagayo jan ya kwanta.

Hajiyar shagon ta iya ciniki. Mai jin Faransanci ta kira shi "kush", daga kalmarsu ta kwanciya, tunda a kansa ake kwantar da jariri. Baƙin Yola da Mubi su ce nafkin, wanda Turancin ma daga Faransanci ya samo tushensa, sunan mayafin teburin cin abinci ne. Famfas kuwa Pampers ne, sunan kayan kamfanin Procter & Gamble na Amurka tun 1961, mu muka maida shi sunan kowane iri. Da na ce kunzugu, dariya ta yi ta ce, "Ƙanwata, kakarki ce ta raine ki." Ta kuma tsaya ta nuna min naɗin ɗa namiji, inda ake ninka gaba sau uku.

Yadin ba ya zuba, kuma ranar garin nan kan busar da shi kafin a gama girkin rana. Amma wandon robar bai yi ba: robar ƙugunsa ta saki da wuri, bakinsa na cin cinya. Na daina sa shi.

Wanki kuma aiki ne. Ranar da famfo ya ɗauke a unguwar Yelwa, sai an sayi jarka wajen mai kura, ga sabulu, ga tafasa ruwa. Da dare ma ba ya riƙe fitsari, sai kin tashi canji. Don haka dare da zuwa biki ko awo ina sa masa na zubarwa. Ki sayi dozin biyu, ɗaya ba ya isa.