Gidajen zane da na fim a Accra: inda ake zuwa kallo, da inda ake zuwa saye

Mutumin Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango da ke son ganin aikin masu zanen zamani na Ghana ba zai kashe abin da ya wuce kuɗin mota ba, domin gidajen da ke sayar da zane ba sa karɓar kuɗin shiga. Wahalar ita ce a warwatse suke, ɗaya a bakin teku, ɗaya cikin otal, ɗaya can lungunan East Legon, kuma kowanne da irin mutanen da yake hari. Wanda bai san haka ba sai ya ɓata wuni guda ya koma gida yana cewa harkar ta Turawa ce.

A ganina wurin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Artists Alliance, wanda ke cikin Omanye House a kan titin Labadi, bayansa teku. Farfesa Ablade Glover ne ya kafa shi, dattijon da aka haifa a 1934, ya kuma daɗe yana koyar da zane a jami'ar KNUST ta Kumasi. An buɗe wannan ginin mai hawa uku a 2008. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yawan kaya: zanen tsofaffin hannu da na matasa, kente, tutocin asafo (ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya na Fante), kujerun sarauta na itace, duwatsun wuya, har da akwatunan gawa masu siffar kifi ko mota irin waɗanda kafintocin Teshie suka yi suna da su. Yawan nan shi ne kuma aibinsa. Bango ya cika maƙil, aikin gwani na rataye kusa da na ɗan koyo, idon wanda bai saba ba sai ya rikice. Dabarar ita ce ka haura hawa na sama tukuna, ka riƙa saukowa a hankali, ka rubuta sunayen mutum uku ko huɗu da aikinsu ya tsayar da kai, sannan ka koma wajensu kaɗai. Kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, nemi izini.

Ga wanda ba ya rataye hoton mai rai a ɗakinsa, kuma mu a zango da yawa haka muke, akwai zaɓi. Shi kansa Glover yakan zana kasuwa da rufin kwanon unguwanni kamar daga sama ake hangensu, da wuƙar fenti maimakon burushi. In ka matsa kusa ba ka ganin komai sai guntayen fenti masu kauri, ja da ruwan ɗorawa da fari. Sai ka ja baya taku biyar ko shida cincirindon kasuwar zai bayyana. Akwai kuma masu bin hanyar launi da layi zalla, irin tafarkin marigayi Atta Kwami, wanda ya rasu a 2021, wanda ya ɗauko tsarinsa daga kente da fentin kiyos-kiyos na bakin titi.

Yanzu batun saye, inda kuɗin mutane ke salwanta. Kada ka saya daga kallon fuska kawai. Ka ce a sauke maka zanen ka juya bayansa. Dubi katakon da aka ɗaure kyallen a kai. In na itacen wawa ne, wannan farin katako mara nauyi da ake samu da arha, ƙwari na son sa, kuma alamarsu ƙananan ramuka ne kamar na allura da gari-gari a kusurwa. Wanda ya shiga gida da irin wannan, ƙwarin na iya komawa kan kujeru da ƙofofi. Ɗora zanen a ƙasa wadda ta baje daidai ka ga ko kusurwowinsa huɗu sun zauna daidai. In ɗaya ta ɗaga, ɗanyen katako aka yi aiki da shi kuma ya riga ya murɗe. Ƙwanƙwasa kyallen da ɗan yatsa daga baya: ya kamata ya amsa a ɗaure, ba ya yi lakwab ba. Sannan ka ɗaga shi ta fuskar haske. In haske na ratsowa ta ɗigo-ɗigo da yawa, ba a shafa farin share fage yadda ya kamata ba kafin a hau zane, kuma in fentin mai ne, man zai ci zaren kyallen a hankali har ya ruɓe.

Tambayi ko fentin mai ne ko akirilik. Akirilik na bushewa cikin awanni, shi ya sa yawancin matasa suka koma kansa. Na mai kuwa, musamman in an labta shi da kauri, samansa kan bushe cikinsa na nan ɗanye har tsawon watanni, don haka ba a shafa masa banish sai ya yi kamar wata shida. Wanda aka yi wa gaggawa yakan yi yaushi ko ya tsattsage daga baya. In za a yi tafiya da zane, a ce Kumasi ko Tamale ko Kano, aka cire shi daga katako don a naɗe, fuskar fentin ce za ta kalli waje, a kan bututu mai faɗi, ba siriri ba. Naɗe fenti ta ciki na matse shi ya karye. Mai kauri irin na wuƙa kuwa ba a naɗe shi sam, sai dai akwati.

Kada ka fita sai da rasit da takardar shaida mai ɗauke da sunan mai zanen, sunan aikin, shekarar da aka yi shi, irin fentin, da tsawo da faɗi a santimita. Ranar da za ka sayar, wannan takardar ce rabin kuɗin. A al'adar wannan kasuwa gidan kan ɗauki kaso mai tsoka, sau da yawa kusan rabi, saboda haka ana iya neman ragi cikin mutunci, amma ba irin cinikin kasuwar Makola ba.

Bayan an kai gida, iskar Accra ce abokiyar gaba. Laima na da yawa kusan duk shekara, ta fi tsanani daga Afrilu zuwa Yuli, kuma unguwannin bakin teku kamar Labadi, Osu da Jamestown na da ƙarin gishiri a iska, wanda ke sa ƙusoshin baya su yi tsatsa, tsatsar ta ci kyallen. Fumfuna daga baya take farawa, inda iska ba ta shiga. Maganinta mai sauƙi ne: liƙa ɗan guntun roba a kusurwowin ƙasa biyu don zanen ya ɗan rabu da bango da kamar santimita ɗaya, kada a rataye shi a bangon da ruwan sama ke duka ta waje, ko kusa da madafa inda hayaƙin gawayi ke kaiwa. Aikin takarda kuwa kada gilashin firam ya taɓa shi, dole a sa kwali a tsakani, in ba haka ba zai manne ya fito da ɗigon tsatsa-tsatsa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, katako kan tsuke, wani ma ya tsage. Ba a goge zane da jiƙaƙƙen tsumma. Burushi mai laushi, busasshe, ya wadatar.

Arts Centre da ke kan High Street kasuwa ce, ba gidan zane ba, kuma da yawa daga dillalan kayan sassaƙa da duwatsun wuya na can 'yan'uwanmu ne, da Hausa za a yi cinikin. Wurin ya yi kyau don ganguna, fatu, batakari da tsaraba. Amma duk wanda aka ce masa abu "na da" ne ya yi hattara, domin tsufar da sabon sassaƙe sana'a ce mai zaman kanta a Afirka ta Yamma: a shafa masa man takalmi, a turara shi da hayaƙi, a binne shi ya kwana biyu a ƙasa. Tsohon gaske yana da santsi a inda hannu ke riƙewa kawai, ba ko'ina ba. In kuma na gasken ne, doka ba ta yarda a fita da shi daga ƙasa ba sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta Ghana, wadda ke kula da gidan tarihi na ƙasa a Barnes Road. Shi wannan gidan an buɗe shi a Maris 1957, ya yi shekaru a rufe, aka sake buɗewa a 2022.

Gallery 1957 wani mataki ne daban. Marwan Zakhem ya buɗe shi a 2016 cikin otal ɗin Kempinski, ya ƙara reshe a Landan a 2020. Ayyuka kaɗan ne a bango, haske mai kyau, bayani a rubuce, farashi galibi da dala. Mai gadi da ƙofar otal na sa wasu jin nauyin shiga, alhali ba wanda zai hana ka. Ka je don ka ga inda kasuwar duniya ta dosa. Tun da aka yi gwanjon wani zanen Amoako Boafo a Landan kan fam 675,000 a Fabrairun 2020, matasa da yawa suka rungumi salo guda, baƙin mutum a gaban launi ɗaya mai haske, har abin ya fara gundura. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu aiki da kayan da muke gani kullum: Serge Attukwei Clottey da yankakkun jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa, ko Ibrahim Mahama ɗan Tamale, wanda a 2016 ya lulluɓe ginin National Theatre da tsofaffin buhunan koko da gawayi da aka ɗinke.

Nubuke Foundation a East Legon, wadda aka kafa a 2006, ita ce ta fi dacewa da ɗalibai da malaman makaranta, don ba ciniki ne gabanta ba, kuma sabon gininta na kankare da aka buɗe a 2019 shi kansa abin kallo ne. Trotro ba ya kai ka ƙofa, sai ka ƙarasa da tasi. Mai sha'awar ɗaukar hoto kuma ya nufi Dikan Center a Osu, ɗakin karatun littattafan hoto da Paul Ninson ya buɗe a Disambar 2022.

Ɓangaren fim ne ya rame. Tsofaffin silimu irin su Orion a Circle da Dunia ta Nima sun daina haska fim tuntuni, wasu takwarorinsu sun zama coci. A 1996 gwamnati ta sayar da kaso mafi yawa na kamfanin fim na ƙasa ga wani kamfanin Malesiya, bidiyo kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Yau Silverbird a Accra Mall da West Hills Mall ne ke riƙe da harkar: kujeru masu daɗi, sauti mai kyau, sanyin da ke bukatar riga mai kauri, amma finafinan Amurka da Najeriya ne suka fi yawa. Fim kamar Heritage Africa na Kwaw Ansah, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1989, ba a mol ake neman irinsa ba. Sai dai a sa ido kan jadawalin Goethe-Institut a Cantonments, maƙwabcin makarantar fim ta NAFTI da aka kafa a 1978, da na Alliance Française kusa da filin jirgin sama, da kuma bukukuwa irin su Black Star International Film Festival.

In a fili, a waje, za a haska fim ɗin, kallon yana da nasa sharuɗɗa. Rana a Accra na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, allo kuma ba ya fitowa sai duhu ya yi, don haka farawa kan zo daf da Magariba ko jim kaɗan bayanta. Gara mutum ya yi sallarsa a kusa da wurin maimakon ya taso daga gida bayanta ya faɗa cunkoson motoci na wajen asibitin sojoji na 37. Sauro na nan, a zo da doguwar riga da safa. In fim ɗin da Faransanci ko Jamusanci ne, fassarar Turanci a ƙasan allo take, kuma kawunan na gaba kan rufe ta, saboda haka a nemi layin da ya ɗan ɗaga ko a zauna ta gefe. A watan Yuni, ruwan sama na iya tarwatsa taron cikin minti biyar.

Duk waɗannan wurare a Instagram da Facebook suke sanar da shirye-shiryensu, kuma gidajen da ke sauya baje koli kan zama wayam na kwanaki tsakanin sauke wani da rataye wani. A duba shafinsu ko a buga waya da safe kafin a hau mota, musamman ranar Lahadi da Litinin.