Injin da ya wurgo min mota daga kan dutse

Wata huɗu ke nan da na saya wa ƴar motata ta wasa mai telekomand wani inji da ESC ɗinsa, wato ɗan akwatin da ke raba wa inji wutar batir, kuma har yau in na tuna yammacin Asabar ɗin nan sai raina ya sosu. Ba zan kama sunan mai sayarwar ba. Ƴan fadarmu a nan Tahoua sun san shi, waɗanda ke oda daga Yamai ma sun san wanda nake nufi, sun kuma san nawa yake sa wa kayansa.

Motata ta hannu ce, Axial SCX10 II, irin mai girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Injin da ta zo da shi mai sharbon ne, wato ƴan gawayin da ke goga a cikinsa suna ba shi wuta, 35T (naɗin waya 35), ya yi min aiki har ya gaji. Ni na ƙarasa shi da hannuna, don na riƙa kai motar cikin rairayi alhali don dutse aka yi ta. Da ya fara warin ƙuna sai na ce bari in huta da sharbon gaba ɗaya, in sayi marar sharbon kamar kowa. Mutumin ya turo min hoto a WhatsApp: inji shuɗi mai ƙyalli, girman 3650, an rubuta 3300KV a jikinsa, ga ESC mai 60A da ƴar fanka a kai. Na tambaye shi sau biyu, zai yi hawan dutse? Ya ce, "Alhaji, wanga ko bango ka sa shi sai ya hau." Ya sako a motar safe, ya yi tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu, na je tasha na karɓa da magariba kamar mai tarbar amarya.

Ɗaurawa ba ta ba ni wuya ba, ramukan kusoshi sun zo daidai da na tsohon injina mai girman 540, sandar ma ta karɓi pinyon ɗina, ƴar giyar nan mai haƙora da ake sa wa a bakin inji. Wayar batir ce kawai ta zo da wani kai daban, na kai wa yaron da ke gyaran rediyo a bakin kasuwa ya sauya min da kai irin XT60.

Ranar Asabar bayan la'asar muka fita bayan gari, inda jajayen duwatsun nan na Ader suke a tarwatse. Akwai wani tudu da na saba hawa, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, amma yana da wata kafaɗa a tsakiya inda dole mota ta tsaya cak, ka karya sitiyari, sannan ka lallaɓa ta haye. Mu shida ne, har da ɗan ƙanwata da ya riƙe min jakar batir, ga yaran unguwa da suka biyo mu. Na ajiye mota a gindin dutse na taɓa maƙunnin telekomand a hankali, yadda na saba. Ba ta tafi ba. Sai ta hau karkarwa, kaf-kaf-kaf, tana gaba tana baya kamar mai jin sanyin zazzaɓi, injin yana wani kuka siriri. Na ƙara ja kaɗan, sai ta zabura kamar an tsikari jaki, ta haye rabin dutsen a tsalle ɗaya, tayoyi suna watso tsakuwa. Yara suka sa ihu. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na san ba haka ake hawa ba.

Da ta kai kafaɗar nan na saki maƙunni don ta tsaya. Ai kuwa babu abin da ya riƙe ta. Ta sulalo da baya, tayar hagu ta faɗa rami, ta kifa, ta yi ta gangarowa tana dukan dutse har sau uku kafin ta kwanta a ƙasa ƙafafu sama. Gangar jikin ta tsage daga gilashin gaba har rufi, hannun sarbo, ɗan injin da ke juya sitiyari, ya karye, fitila ɗaya ta yi nata wuri. Ɗan ƙanwata ya ɗauko fitilar ya miƙo min, ya ce, "Kawu, ta mutu ne?" Wani abokina da ke fifita gawayin shayi bai ko ɗago kai ba ya ce, "To, bangon fa sai yaushe?" Wannan maganar ta fi faɗuwar yi min ciwo.

A daren na kira mai kayan. Wai hannuna ne bai saba ba. Shekara uku ina tuƙa motar nan a kan duwatsun nan, yau kuma hannuna ne bai saba ba! Na ce ya karɓi kayansa, ya ce an riga an sauya kan waya, ba ya karɓa. Daga nan ya daina ɗaga kirana.

Da na huce na zauna na bi abin dalla-dalla, kuma gaskiya akwai nawa laifin. Lambar KV tana nufin juyi nawa inji zai yi a minti ɗaya kan kowane volt, in babu kaya a kansa. Batirina LiPo ne mai ɗaki biyu, volt 7.4. In ka ninka da 3300 za ka samu juyi sama da 24,000 a minti. Wannan injin tsere ne. Masu hawan dutse suna zama ne wajen 1200 zuwa 2300KV. Lissafin da ɗan firamare zai yi, ni ban yi ba, ƙyallin shuɗin fenti ya ɗauke min hankali. Karkarwar kuma dalilinta shi ne injin ba shi da sansa. Inji marar sharbon yana da wayoyi uku, ESC ne ke ba su wuta bi da bi, don haka dole ya san inda maganaɗisun ciki ya tsaya. Mai sansa yana da ƙarin siririyar waya da ke gaya masa. Marar sansa kuwa sai injin ya fara juyawa sannan ESC ya ji ƴar wutar da ke dawowa daga gare shi ya gane matsayinsa. A tafiyar hawainiya wannan wutar ba ta isa, sai ya yi ta lalube. Hawan dutse kuwa kusan dukansa tafiyar hawainiya ne.

Kuma kada in zalunce shi, a fili injin nan dodo ne. Na gyara sarbo na kai motar filin ƙwallo, ta tashi ƙura har masu kabu-kabu suna tsayawa kallo. Ƙura ba ta dame shi ba, tunda babu sharbon da zai cinye. Mako biyu ina cewa a raina, to ai ban yi asara ba, na sayi abu mai kyau ne na sa shi inda ba wurinsa ba. Har na fara tunanin in nemo wata motar tsere in ɗaura mata.

Sai zafin watan Afrilu ya shigo. Minti goma da fara wasa ESC ya ɗauke, ya ƙi tashi sai ya huce. Ƴar fankar nan da aka yi min talla da ita ta cika da ƙura ta tsaya, na hura, na goge da buroshin haƙori, ta yi kwana biyu ta sake tsayawa. Na sa ƙaramin pinyon don in rage masa nauyi, zafin ya ragu kaɗan, karkarwar tana nan. Abin da ya dawo min da ɓacin raina sabo shi ne birkin riƙo, wato birkin da ke kama mota da kansa da zarar ka saki maƙunni. Shi ne ran motar hawan dutse, rashinsa ne ya kifar da ni. Na bi takardar da ta zo cikin kwali, na danna maɓalli na ƙirga ƙyaftawar fitila har idona ya yi ruwa, na kai shi ƙarshen abin da yake iyawa. Ko a kan gangaren ƙofar gidana bai riƙe motar ba. Mutumin nan ya san haka ko bai sani ba? In ya sani ya cuce ni, in bai sani ba me ya kai shi rantsuwa da bango?

Ƙarshenta na koma inda na fito. Wani ɗan'uwa da ya dawo daga tafiya ya taho min da wani ESC, QuicRun 1080 na kamfanin Hobbywing, mai 80A, da wani inji mai sharbon 45T. A masu sharbon, yawan T yana nufin yawan naɗin waya, gudu ya ragu, tafiya ta yi laushi. ESC ɗin ya zo da ɗan katin saiti, na sa birkin riƙo a ƙarshe, na ɗaga wutar sarbo daga volt 6 zuwa 7.4 tunda sabon sarbon yana ɗauka. Na san akwai Fusion Pro, wanda inji da ESC suke haɗe a gwangwani ɗaya, amma aljihuna bai kai can ba bayan wannan ɓarnar.

Na koma tudun nan ni kaɗai da sassafe, ban gaya wa kowa ba. Motar ta hau tana taka dutse ɗaya bayan ɗaya, ana jin tayoyi suna murza tsakuwa. A kafaɗar na saki maƙunni, ta tsaya kamar an kafe ta da ƙusa, hancinta sama. Na bar ta a haka na ɗauki hoto.

Sharbon zai ci ƙura ya ƙare, na sani, shi ya sa duk dawowa nake hure injin. Shuɗin yana cikin kwalinsa a saman kabad. Tsagar rufin na ɗinke ta da siririyar waya, daga nesa ba a gani. Hoton kuma na tura wa mai kayan, alama ta nuna ya buɗe, bai ce komai ba.